Ranar da Maharbi Ya Zama Nama: Me Ke Riƙe Mu a Labaran Farauta da Neman Tsira?

Wani mutum yana kwance a kan reshen wata babbar bishiya, a tsibirin da bai san kowa ba. Tun da rana yake gudu cikin ƙungurmin daji, yana zagaye yana komawa kan sawunsa don ya ɓatar da mai binsa. Da dare ya yi sai ya haye bishiyar, yana taka-tsantsan kada ya bar alama. Gab da wayewar gari sai ga mai bin nasa ya ɓullo daga duhuwa, 'yar ƙaramar bindiga a hannu, ido a ƙasa. Ya zo daidai gindin bishiyar ya ja birki. Ya durƙusa ya duba ƙasa, ya miƙe, ya kunna sigari. Idonsa ya fara hawa jikin bishiyar a hankali, amma kafin ya kai kan reshen sai ya tsaya, ya yi murmushi, ya busa hayaƙi sama, ya juya ya koma inda ya fito.

Ba a harba bindiga ba, jini bai zuba ba, ko uffan ba wanda ya ce. Amma a duk cikin gajeren labarin nan na Richard Connell mai suna The Most Dangerous Game, wanda mujallar Collier's ta Amurka ta buga a 1924, babu inda gaban mai karatu yake faɗuwa kamar wannan wuri. Dalili shi ne a nan ne na kan bishiyar ya gane abubuwa biyu a lokaci guda: an gan shi, kuma an ƙyale shi ne don a ji daɗin sake binsa gobe.

Wanda ke kan bishiyar, Rainsford, ba kanwar lasa ba ne. Shahararren mafarauci ne, har littafi ya rubuta a kan farauta. A farkon labarin yana cikin jirgin ruwa za shi dajin Amazon harbin damisa, abokin tafiyarsa ya ce masa ai dabbar ma tana jin tsoron mutuwa, shi kuwa ya yi watsi da maganar, ya ce duniya kashi biyu ce, masu farauta da waɗanda ake farauta, kuma su sun yi sa'a suna cikin na farko. A daren nan ya faɗa teku, ya yi iyo zuwa tsibirin wani tsohon janar na Rasha, Zaroff, wanda ya harbi kowace irin dabba har abin ya gundure shi, ya koma farautar mutane. Yana kunna fitilun yaudara jiragen ruwa su daki duwatsu, waɗanda suka tsira ya tsare su, sa'an nan ya riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Kowa za a ba shi wuƙa da guzuri da ratar sa'o'i uku. In ya yi kwana uku ba a kama shi ba, ya ci. Reshe ya juye da mujiya ke nan: mai cewa ba ruwansa da abin da damisa ke ji, ga shi ya zama damisar.

An mai da labarin fim a 1932, kuma tun daga nan ake ta juya shi a siga daban-daban. Mutane da yawa suna zaton zubar da jini ne ke jan jama'a ga irin waɗannan labarai. Ni ban yarda ba. Jini yana sa mutum ya kawar da kai ne kawai. Abin da ke hana shi ajiye littafi ko tashi daga gaban talabijin shi ne rabon sani: wa ya san me, wa bai sani ba, kuma mu masu kallo a wane ɓangare aka ajiye mu.

Alfred Hitchcock, gwanin shirya fina-finan fargaba ɗan Ingila, ya taɓa warware wannan a hirarsa da François Truffaut na Faransa a 1962. Ya ce a ɗauka mutum biyu suna zaune suna hira, kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashin teburinsu. Mai kallo zai razana na daƙiƙa 15, shi ke nan. To amma a ce an nuna wa mai kallo lokacin da aka dasa bam ɗin, an gaya masa da ƙarfe ɗaya zai tashi, ga kuma agogo a bango yana nuna ɗaya saura kwata. Wannan hira tasu maras kan gado sai ta zama abin da ba ka iya ɗauke ido daga kanta, kana ji kamar ka yi musu tsawa su tashi. Razana ta daƙiƙa 15 ta koma zullumi na minti 15. Bam ɗin bai canza ba, mutanen ba su canza ba. Abin da mai kallo ya sani ne kawai ya ƙaru.

Farauta kuwa tun asalinta sana'ar sani ce, shi ya sa ta dace da wannan dabara fiye da kowace sana'a. Maharbi yana karanta ƙasa: wannan sawun na jiya ne ko na ɗazu, dabbar tafiya take ko gudu, tana ɗingishi ko lafiyarta lau. Yana lura da inda iska ke kaɗawa don kada ta kai wa nama warinsa. Maharban ƙasar Hausa har kan burtu suke ɗaurawa a goshi, su lulluɓe jiki da baƙin zane, su yi ta rarrafe suna kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, barewa tana kallo ba ta gudu, don ta saba ganin burtu a dawa. Duk wannan ƙoƙari ne na abu ɗaya: ni in san inda kake, kai kada ka san ina nan. Sakin kibiya ƙiftawar ido ne. Sauran yinin duk ya tafi a bin sawu, da laɓewa, da jira. Marubucin da ya fahimci haka ya san cewa labarinsa yana cikin jiran.

Kakanninmu sun riga Hitchcock gane wannan, ko da ba su zauna sun yi masa bayani ba. Akwai tatsuniyar ɓauna da ɗan maharbi, wadda ake ba da ita da 'yan bambance-bambance daga gari zuwa gari. Wani maharbi da ɗansa sun addabi ɓakane da kisa, kuma duk ɓaunar da ta taso wa yaron sai ya rikiɗa ya ɓace mata. Sai wata ɓauna ta rikiɗa ta zama kyakkyawar budurwa, ta shigo gari, ta sauka a gidansu. Da dare ana hira ta fara bugun cikinsa. Ta ce, in ɓauna ta taso maka, yaya kake yi? Ya ce sai in zama suri. Ta ce in ta tunkuyi surin fa? Ya ce sai in zama kututture. In ta tunkuyi kututturen fa? Ya buɗe baki ya ce, “Sai in zama zo...” sai uban ya daka masa tsawa daga ɗakinsa: “Kai, rufe mana baki!” Washegari ta ce ya raka ta. Da suka yi nisa cikin daji sai ta koma ɓauna ta taso masa. Ya zama suri, ta rushe shi. Ya zama kututture, ta yi kansa. Sai ya zama zobe ya faɗi cikin ciyawa, ta yi ta dube-dube ba ta san abin da take nema ba, har ta gaji ta tafi.

A dubi yadda aka gina ta. Tun daga farko mai sauraro ya san budurwar nan ɓauna ce, yaron ne bai sani ba. To ga bam a ƙarƙashin tebur. Kowace amsa da ya bayar, muna ji a jikinmu cewa ya zubar da makami ɗaya. Sa'an nan a dajin an juya rabon sanin: yanzu ɓauna ce ke da gurbi a iliminta, rabin kalma ta ji, kuma ran yaron yana rataye a kan rabin da ba ta ji ba. Ga kuma juyin nan na mafarauci ya zama abin farauta, wanda Connell ya gina sunansa a kai. Abin da ya fi burge ni ma shi ne inda aka yi farautar ta gaskiya. Ba a daji aka yi ta ba, a ɗaki aka yi ta, da murmushi da tambaya.

Ba Hausawa kaɗai ba. A labarin Sunjata na ƙasar Mali, ɓaunar Do ta gagari maharba, ta kashe na kashewa, har sai da wasu 'yan'uwa biyu suka kyautata wa wata tsohuwa da kowa ke gudu. Ashe ita ce ɓaunar, kuma da bakinta ta gaya musu sirrin kashe ta. A ƙasar Yarabawa, D. O. Fagunwa ya sa maharbi, Akara-ogun, ya zama jarumin littafinsa na 1938, wanda Wole Soyinka ya fassara zuwa Turanci a 1968. Maharbi ne mutumin da ke fita daga gari ya shiga inda dokar gari ba ta aiki, ya dawo da labari. Dole masu ba da labari su so shi.

Tatsuniyar ɓauna tana da wani darasi ga masu rubuta labaran jarumta a yau. Asiri a cikin labari ba laifi ba ne, amma sai yana da iyaka kuma mai karatu ya san iyakar. Rikiɗar yaron uku ce, ba ta huɗu, muna ƙirgawa tare da shi. Idan kuwa jarumi yana da layar zana da ba ta da sharaɗi, ƙarfe ba ya cinsa, duk inda aka ritsa shi sai marubuci ya zaro masa sabon laƙani daga aljihu, to an kashe zullumi, domin ba wanda zai ji tsoro saboda mutumin da ba abin da zai same shi. Rainsford wuƙa ɗaya gare shi. Tarko uku ya haɗa da ita da abin da ya tsinta a daji: na farko ya ji wa Zaroff rauni a kafaɗa, na biyu ramin da ya cinye kare, na uku ya kashe baransa Ivan, kuma da shi wuƙar ta tafi. Daga nan ba abin da ya rage masa sai ya faɗa teku.

Wannan ƙarewar guzuri ita ce zuciyar labaran neman tsira, inda sau da yawa babu ma mai bin mutum. Yunwa ce maharbin, ko ƙishirwa, ko sanyi. Alexander Selkirk, matuƙin jirgin ruwa ɗan Sikotilan, ya yi shekara huɗu da wata huɗu shi kaɗai a wani tsibiri da ke yamma da ƙasar Chile, daga 1704 zuwa 1709. Da albarushinsa ya ƙare sai ya koma kama awaki da gudu. Ana ganin labarinsa na cikin abin da ya haifar da littafin Robinson Crusoe a 1719. A 1972 jirgin sama ɗauke da mutum 45 daga Uruguay ya faɗi a tsaunukan Andes, mutum 16 suka fito da rai bayan kwana 72, bayan sun kai ga cin naman 'yan'uwansu da suka mutu. Irin wannan labari tambaya ɗaya yake yi wa mai karatu, a kuma cikin ransa yake amsa ta: da kai ne, a rana ta nawa za ka yi abin da ka rantse ba za ka taɓa yi ba?

Sai kuma ɓangaren da dabba ce ke bin mutum, kuma a nan ne adabi ya fi yi wa gaskiya kwaskwarima. A fim ɗin Jaws na 1975, kifin nan mai cin mutane da aka ƙera da inji ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole daraktan fim ɗin, Steven Spielberg, ya rage nuna shi. Sai aka koma nuna alamarsa: ganguna masu ruwan ɗorawa suna yawo a kan ruwa, da wani kiɗa mai sauti biyu da ke ƙara sauri. Matsalar inji ta zama alheri, don dodon da ba a gani ya fi wanda ake gani ban tsoro, mai kallo ne da kansa ke ƙera shi daidai da tsoronsa. Sai dai kifin ya ji a jikinsa. Peter Benchley, wanda ya rubuta littafin 1974 da aka gina fim ɗin a kansa, daga baya ya yi nadamar baƙin jinin da ya jawo wa wannan halitta, ya ƙarasa rayuwarsa yana fafutukar kare ta.

Labarin zakunan Tsavo ya fi nuna yadda abin ke faruwa. A 1898 Turawan Birtaniya suna shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa Tafkin Biktoriya, aikin ya kai ga gina gada a kan kogin Tsavo a Kenya ta yau. Zakuna biyu, maza marasa geza, suka riƙa shiga sansanin leburori da dare, akasarinsu 'yan Indiya, suna jan mutum daga cikin tanti. Aka yi shingen ƙaya, aka hura wuta, duk a banza. Wata tara ana wannan hali, har ma'aikata suka gudu aiki ya tsaya, kafin injiniyan aikin, John Henry Patterson, ya harbe su a watan Disamba, ɗaya ran 9, ɗaya ran 29. Ya fitar da littafi a kan abin a 1907, ya sayar da fatunsu ga gidan tarihi na Field da ke Chicago a kan dala 5,000, kuma adadin da ya yaɗu daga bakinsa shi ne mutum 135. A 2009 masana suka gwada gashi da ƙashin zakunan don gano abin da suka ci a ƙarshen rayuwarsu, lissafinsu ya tsaya a wajen mutum 35. An kuma ga cewa ɗaya daga cikinsu yana da mummunan ciwo a tushen fiƙarsa, ga shi a shekarun nan annobar shanu ta karkashe shanu da ɓakane a Gabashin Afirka. Wato zaki mai ciwon haƙori ne a ƙasar da abinci ya yi wuya. Amma a fim ɗin da aka yi a 1996 sun zama wasu shaiɗanu masu kisa don nishaɗi. Leburorin da aka cinye kuwa, kusan duk ba a san sunayensu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jim Corbett, wani Baturen maharbi a Indiya, ya fi Patterson adalci a nan, shi ya sa nake ganin littafinsa na 1944 a kan damisoshin yankin Kumaon na arewacin Indiya ya fi daraja. Damisar Champawat da ya harbe a 1907, wadda aka ɗora wa alhakin rayuka 436 a Nepal da Indiya, da ya buɗe bakinta sai ya tarar fiƙoƙinta na gefen dama, sama da ƙasa, a karye suke, kuma ya ce harbin bindiga ne ya karya su. Matsayinsa shi ne damisa ba ta komawa cin mutum sai rauni ko tsufa sun hana ta kama abincinta, wani lokacin ma ƙayar beguwa ce ta nakasa ta. Wannan bayani bai rage wa labaransa ban tsoro ba ko kaɗan. Yana tafe shi kaɗai a kwazazzabo, tsuntsaye sun yi tsit, ya san tana kusa, bai san ta wane gefe ba. Rabon sanin nan ne dai, sai dai wannan karon dabbar ce ke da rinjaye.

A 'yan shekarun nan dabba ta kusa fita daga labarin gaba ɗaya, zuriyar Zaroff ce ta gaje fagen. Littafin Battle Royale na Japan a 1999 ya zuba 'yan makaranta a tsibiri su kashe juna. Littafin The Hunger Games na 2008 ya tara yara 24 daga gundumomi 12 ana nuna mutuwarsu a talabijin. Fim mai dogon zango Squid Game na Koriya ta Kudu a 2021 ya kwaso mutum 456 da bashi ya yi wa katutu, suna wasannin yara a kan kuɗin Koriya won biliyan 45.6, wanda ya faɗi a harbe shi. Har wasan PUBG da samarinmu ke kwana a kai a waya gininsa ke nan: mutum 100 a tsibiri, kowa ya sauka hannu rabbana, fili yana ta tsukewa har a bar mutum ɗaya. Tsukewar filin ita ce agogon Hitchcock, ita ce kwana ukun Zaroff.

Amma akwai abin da ya sauya, kuma ba ƙarami ba ne. Zaroff, duk da mugun halinsa, yana shiga dajin da ƙafarsa, tarko yana iya samunsa, ya kuwa same shi. A sababbin labaran galibi mai shirya farautar ba ya taka daji. Yana zaune a ɗaki mai sanyi, fuska a rufe, yana caca a kan wanda zai mutu, talakawa ne ke farautar junansu. Ilimin sawu da iska ya ɓace, abin da ya maye gurbinsa shi ne sanin wanda za ka amince da shi da lokacin da zai ci amanarka. Ta wannan fuska sun fi kusa da hirar ɗan maharbi da budurwarsa fiye da dajin Corbett. Kuma kujerar da suka ba mai kallo ba ta maharbi ba ce, ba ta wanda ake bi ba ce, ta attajiran nan ce masu rufe fuska, tunda mu ma nishaɗi muka zo nema. Masu shirya labaran sun san da haka, da gangan suke tsokanar mu. Ko tsokanar tana kama jiki, wannan wata magana ce. A 2023 kamfanin Netflix ya shirya gasar gaske a kan tsarin Squid Game, ba kisa a ciki, mutum 456 suka shiga suna neman dala miliyan 4.56, jama'a kuma suka yi ta kallo har aka sake shirya wani zagayen.